Hannun Alhaji a kan Soket

Har yau in na ga hannu ya nufi soket, sai raina ya ɓaci. Alhaji ne ya jawo, wani dillalin barkono da ya buɗe shagon intanet a Gashuwa, ya ɗauko ni daga Nguru in kula masa da shi.

Kwamfuta ɗaya ce ƙofar da sauran kwamfutocin shagon ke bi zuwa intanet. Ita ke karɓar saƙon sauran, ta sauya masa adireshi zuwa nata, sannan ta fitar da shi. Wata rana saƙo yana fita, amsa ba ta dawowa. Tun hantsi nake bin dokokin tsaron kwamfutar, gumi na tsiyaya. Sai bayan la'asar na gano: dokar tare baƙon saƙo ta sha gaban wadda ke karkata amsa zuwa wurin sauya adireshi, amsa tana mutuwa a bakin ƙofa. Na jera su daidai. Ban kai ga adanawa ba, allo ya yi baƙi ƙirin.

Ga Alhaji tsaye, filogi a hannu.

"Injiniya, ko janareta in ya yi gardama kashe shi ake yi ya huta."

"Alhaji, aikin yini guda ka share!"

"To, kunna mu gani."

Na kunna, na sake rubuta komai ina cizon leɓe. Intanet ta dawo. Mutumin nan ya juya ga masu jira yana washe baki: "Kun gani? Hutu kawai take so."

Daga ranar, ko shafi ya ɗan yi jinkirin buɗewa, sai ya miƙe ya nufi bango.