Lallen Iyakar Gonarmu

Ko zan manta komai, ban da makon da ni da Baba muka shiga Kano neman lauya. Wani attajiri da ya sayi gonar maƙwabcinmu a wajen Gezawa ne ya maka mu a kotu, wai rabin gonarmu ta gado a cikin tasa yake. Shi yana da takarda, mu kuwa sai jerin lallen da kakanmu ya dasa a kan iyaka. Saura kwana shida a zauna shari'ar.

A lokacin littattafan soyayya sun cika min kai. A wurina lauya dogo ne mai baƙar kwat da ƙamshin turare, ya yi magana ɗaya kotu ta yi tsit. Da muka isa, ga ofisoshin lauyoyi jere, kowa da allonsa. Na ja Baba wurin wanda ya fi kama da na mafarkina. Ko ƙarshen zance bai bari Baba ya kai ba.

"Babu takarda, Baba? Lalle ai na amare ne," in ji shi, idonsa a kan waya.

Da muka fito Baba ya ce, "Wanda bai ji ni ba, me zai faɗa wa alƙali?"

Mun yi asarar yini guda, kuma ni na jawo.

Washegari muka faɗa wurin wani lauya gajere mai koɗaɗɗiyar hula, ofishinsa fanka ma ba ta juyawa. Raina bai so shi ba. Ya saurari Baba har ƙarshe, sannan ya ce, "Wa ke tsinkar lallen nan duk shekara?"

"Matan unguwa, ranka ya daɗe."

"Wa suke roƙa kafin su tsinka?"

Baba ya ɗago kai ya ce, "Gidana suke sallama."

Ran nan lauyan ya hau babur ya biyo mu ƙauye, ya durƙusa ya gai da tsofaffi. Ranar zama, gwaggon wanda ya sayar da gonar ce ta miƙe ba da shaida.

"Tun ina amarya gidansu nake roƙon lallen nan," ta ce, tana nuna Baba. "Da namu ne, zan roƙa?"

Alƙali ya zo ya ga iyakar da idonsa, gona ta tsaya mana.

Tun ran nan, duk wanda ya ce in nuna masa lauya, cewa nake ya je ya fara ba shi labari. In ya katse ka, tashi ka nemi wani.