Sunan da Addolorata Ta Hana Jikarta

A wani ƙauye na yankin Puglia, inda itatuwan zaitun suka fi mutane yawa, kowa ya san Addolorata mai murza taliya. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, domin al'adar garin ke nan: in namiji ya haifi mace ta fari, sunan uwarsa za a sa mata, ko da daɗi ko babu. Ma'anarsa "mai baƙin ciki". Asalinsa laƙabin Maryamu ne, ranar da ta tsaya tana kallon ɗanta a kan gicciye. Shi ya sa gunkinta na coci yake sanye da baƙaƙen kaya, takubba bakwai a ƙirji.

Sunan kuwa bai yi wa Addolorata ƙarya ba. Mijinta Cosimo ya tafi aikin gini Jamus, a akwati aka dawo da shi. 'Yarta guda ɗaya, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Kakar ma haka ta ƙare, shekara arba'in cikin baƙaƙen kaya. Limamin coci ya sha gaya wa Addolorata suna ba ya jawo komai. Sai ta ce to, amma a ranta ba ta yarda ba.

Sai ga Nunzia, matar ɗanta Vito, da ciki, likita ya ce mace ce. Hankalin Addolorata ya tashi, ta ja ɗan gefe.

"Vito, don Allah ku nemi wani sunan."

"Haba Mama! So kike a ce a garin nan mun wulaƙanta ki? Sunanki za ta ci, magana ta ƙare."

Ta san halinsa, taurin kan ubansa ne sak. In ba fushi ya yi da ita ba, ba zai canza sunan ba. Nunzia kuwa, kaico, yarinyar kirki ce, ita ke shafa mata man zaitun a gwiwa in ciwon ya tashi.

Wata Lahadi dangi sun cika tebur, Nunzia ta kawo taliyar da ta murza da hannunta. Addolorata ta ɗanɗana, ta ture kwanon.

"Wannan kuma mece ce? Uwarki ba ta koya miki komai ba? Ko da yake ita ma me ta iya?"

Uwar Nunzia ko shekara ba ta yi da rasuwa ba. Yarinyar ta miƙe tana kuka, Vito ya bi ta, ko waiwaye bai yi ba. Taliyar nan kuwa, wallahi, ba ta da makusa.

Ranar baftisma ba wanda ya aika mata. Ta je duk da haka, ta raɓe can baya kusa da gunkin. Limamin ya ɗiga wa jaririyar ruwa a ka, ya kira sunanta: Letizia, wato farin ciki.

Wata tsohuwa ta taɓo ta. "Sannu, Addolorata. Sun ci miki mutunci."

"Sun ci," in ji ta.

Aka fito da jaririyar ta gabanta, Nunzia ta kau da kai. Addolorata ta hango ɗan tafin ƙafa ya leƙo daga farin zane, ta matse hannayenta a ƙirji don kada su miƙe.