Ta Uku Daga Sama

Shekarar da na ajiye alli na bar aikin koyarwa, a ita idona ma ya fara neman fansho, ba tare da ya rubuto takarda ba. Da farko ƙananan baƙaƙe ne suka soma haɗewa da juna, sai na ce masu buga littattafan yanzu rowar tawada suke yi. Daga baya fuskokin mutane suka bi sahu. Na koma duk wanda ya tunkaro ni in ce masa Alhaji, sai ya yi magana in gane shi ta murya. A Kabo wannan ba ya jawo wa mutum zargi, don kowa ka kira Alhaji amsawa yake yi, ko da bai taɓa wuce Rimin Gado ba.

Ba kunyar tabarau ce ta sa nake ɓoye lamarin ba. Babur ɗina nake karewa. Da shi nake zuwa gona a Garo, da shi nake zuwa ɗaurin aure da jana'iza, ba na jiran kowa, ba na roƙon kowa ya rage mini hanya. Tun ranar da na afka cikin wani tulin yashi a gefen titi, wanda na rantse ba a jima da zuba shi ba alhali har ciyawa ta fito a kansa, maiɗakina da 'yarmu ta fari suka haɗa kai a kan in ajiye makulli in je a duba mini ido. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce a Kano, sunan mahaifiyata gare ta, don haka uwata nake ce mata, ita kuma ta ɗauki muƙamin da gaske. Na ce musu idona garau yake, yashin ne ba shi da tarbiyya.

Wata Asabar da ta zo ganin gida, bayan azahar, ta ce an buɗe wani shago a Gwarzo da ake yin fiza, kowa zancensa yake, tana so in kai ta. Kuma a kan babur take so, kamar lokacin da nake ɗaukarta zuwa makaranta. Na ji daɗi ƙwarai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shirya wa 'ya'yan mutane jarrabawar ba-zata, ga shi an shirya masa tasa bai gane ba. A hanya ta riƙe kafaɗata fiye da yadda ake riƙewa. Sau biyu ta ce, "Baba, akuya." Sau biyun na ce na gan ta. Na farkon gaskiya na faɗa.

Shagon ba wani babba ba ne, amma a cike muka same shi. Akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma, na gane su ta yadda suke ɗaga murya, akwai 'yan mata ɗalibai, da wasu magidanta a tsaye suna jiran a naɗe musu su kai gida. Ƙamshin wurin na gurasa ne mai zafi da albasa, sai wani ƙamshi mai maiƙo da aka ce mini na cuku ne. Ni dai na san fiza a ƙamus tun kafin in gan ta a faranti, har na san yadda masu ita suke furta sunan a ƙasarsu. Da na leƙa farantin wani na kusa da ni, sai na ga ashe gurasa bandashe ce da ta yi karatun boko.

Ba mu kai ga zama ba wani mutum ya fito daga wajen tanderun yana goge hannu, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a. Magidanci ne mai ƙiba kaɗan, da gari a gaban rigarsa, da tabarau mai kauri kamar gindin kofi. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi iyali da gona da gajiyar hanya, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ku gane ni ba ko?" Ya ce na koyar da shi Turanci a aji biyar a firamaren Garo, kuma shagon nasa ne. Na ce haba, ya za a yi in manta. Ban tuna shi ba ko kaɗan. Ya tashi wasu samari daga tebur mafi kyau ya zaunar da mu, ya nuna bango ya ce mu duba mu zaɓa, duk abin da suke yi yau yana rubuce a can.

Allo ne. Baƙin allo irin namu na aji, an rubuta da farin alli. Abin da na fi sani a duniya ke nan, kuma daga inda nake zaune, taku shida ko bakwai, ba abin da nake gani sai layuka farare kamar an ja kunya a gona. Na ce wa uwata ta zaɓa mana, abincin zamaninsu ne. Ta ce a'a, ai ni ne malamin Turanci, in karanto mata ta ji, ita ta gaji da karatu duk mako. Ta faɗa tana gyara mayafi, ba ta ko kalle ni ba. A nan na gane abin da ya kawo mu Gwarzo.

Na yi abin da duk ɗalibin da bai yi karatu ba yake yi, wato na tsawaita gabatarwa. Na yi musu bayanin asalin kalmar da ƙasar da ta fito. Na ce Turawa ma aro suka yi, ba tasu ba ce. Na tambayi mai shagon ina yake samo cukunsa, na saurari amsar da natsuwar alƙali. Duk wannan lokaci kunnena yana wajen masu saye, ko wani zai ambaci suna in cafke, amma kowa sai ya ce a ba shi irin ta jiya. Na ƙanƙance ido, na karkata kai kamar mai nazari. Da dai na ga shirun ya fara tsawo, na ɗaga yatsa na nuna allon da ƙarfin hali.

"Ba mu ta ukun nan daga sama. Babba."

Mai shagon ya juya ya dubi allon. Ya juyo ya dube ni. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, sannan ya ce, "Ayya, Malam, wannan ta ƙare tun ɗazu. Kuma ku yi haƙuri da rubutun nan nawa, kun san shi tun can, ba mai iya karanta shi sai ni. Bari in faɗa muku da baki." Ya jero su ɗaya bayan ɗaya: mai kaza, mai naman sa, mai yajin tsire, mai kifin gwangwani, mai kayan lambu zalla don masu hawan jini, da wata mai abarba wadda ya ce shi kansa bai yarda da ita ba amma 'yan mata sun matsa. Na zaɓi mai yajin tsire. Na ƙara da cewa lallai ya gyara rubutunsa, don alli ba ya ƙarya. Ya ce in Allah ya yarda zai gyara. Na ji a raina na tsallake, har na ɗan dubi uwata da alamar nasara. Ita tana kallon tebur.

Fizar ta zo a yanke gida takwas, cukun yana bin hannu kamar yauƙin kuɓewa. Ba zan zalunce ta ba, ta yi daɗi. Mai shagon ya jawo kujera ya zauna gefe, ba sosai ba, irin zaman da ɗalibi yake yi gaban malami ko ya yi furfura. Uwata ta tambaye shi yadda aka yi ya faɗa wannan sana'a. Ya ce ai shi boko ƙin shi ta yi, daga firamare bai ci gaba ba. Aka kai shi Kano gidan burodi, daga nan ya koma wajen wani mai yin irin wannan abinci. Maigidan nasa ne ya lura kullum sai ya kai takardar oda har hanci kafin ya karanta, ya kai shi aka gwada idonsa aka ba shi tabarau. Yana da shekara wajen ashirin a lokacin.

"Wallahi Malam, ranar da na sa shi na fito, tsayawa na yi ina kallon wata bishiyar darbejiya. Ashe ganye ɗai-ɗai ne da ita. Ni da na ɗauka kowa haka yake ganin duniya, a dame."

Dariya yake yi yana faɗa, uwata ma ta taya shi. Ni kuwa a daidai nan na tuna shi. Bencin ƙarshe, kusa da taga. Yaron da duk na rubuta aiki a allo sai ya ƙanƙance ido ya karkata kai, sannan ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafa. Satar amsa na kira abin. Na zane shi a kai ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Na taɓa tsayar da shi daga bencin nasa na ce ya karanta jimla ɗaya tak da ke kan allo, ya kasa, na ce wa ajin su faɗa masa sunansa, suka haɗa baki suka ce daƙiƙi. Ni na koya musu kalmar, har da yadda ake rubuta ta da ƙa mai lanƙwasa. A takardar sakamakonsa na rubuta cewa ba ya mai da hankali, da kyakkyawan rubutuna da ake yabo har ofishin ilimi. Shekara guda cur yana gabana, bai taɓa zuwar mini a rai in ce ya dawo bencin gaba ba.

Na ce zan wanke hannu. Buta da roba suna ƙarƙashin allon, don haka na samu dalilin matsawa. Na sunkuya na wanke, na miƙe a hankali, hancina ya kusa taɓa alli. Rubutu ne manya-manya, a miƙe, tsaf, wanda da a ajina ne da na ba shi maki tara cikin goma. Layin farko an rubuta barka da zuwa. Na biyu, a yi haƙuri a bi layi. Na uku daga sama kuwa, wanda na ce a kawo mini babbarsa, cewa aka yi ana rufe shago lokacin salla.

Na daɗe a tsaye ina goge hannun da ya riga ya bushe. Mai shagon ya karanta, uwata ma ta karanta, wataƙila har samarin da aka tasa saboda ni sun karanta. Kuma ya san wannan ƙanƙance idon da karkata kan, ya fi kowa saninsu a faɗin Gwarzo. Da ya ga dama sai ya yi shiru kawai ya bar ni da allon, kamar yadda na bar shi. Maimakon haka ya ɗora wa rubutunsa laifi, ni kuma na karɓa na ƙara masa da nasiha.

Aka kira la'asar, aka sauke ƙofar shagon rabi, muka tafi masallacin da ke bayan layin. A hanya ya riƙa tafiya ta gefen da kwata take, yana ce mini a kula da nan Malam, wai shi ma jiya ya kusa faɗawa. Na shirya maganar da zan yi masa tun ina alwala. Na tsara ta da kyau, da gabatarwa da gundari da kammalawa. Da muka fito na kama hannunsa na ce, "Ka yafe mini." Nan maganar ta ƙare, sauran duk suka gudu. Ya ce haba Malam, me aka yi, ai duk abin da suka zama albarkacinmu ne. Ban sani ba ko ya gane abin da nake nufi, ko ya ɗauka irin neman gafarar da tsofaffi suke yi ne idan za a rabu. Ban yi masa bayani ba, kuma har yau ban yi ba.

Uwata tana tsaye jikin babur da kwalin sauran fizar a hannu. Na laluba aljihu na ciro makullin, na riƙe shi ɗan lokaci, sannan na miƙa mata.

"Uwata, ban ga allon nan ba. Akuya ta biyun ma ban gan ta ba."

Ta ce ta sani. Sai ta ce ranar Talata likitan ido yana zama, za ta zo ta ɗauke ni da safe, kada in ce zan je gona. Ita ba ta iya babur ba, don haka mai shagon ya tura shi cikin shagonsa ya jingine kusa da buhunan fulawa, ya ce yana nan har sai na aiko. Ya raka mu bakin titi ya tsayar mana da motar Kabo.

Aka cusa mu baya mu huɗu. Ban taɓa lura da yawan ramukan hanyar nan ba sai da wani yake tuƙa ni a kanta. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambayi abin da ke cikin kwalin yake wannan ƙamshi, uwata ta buɗe ta ba ta yanka ɗaya. Ta ci, ta ce gurasar ba laifi amma an cika mata kaya. Da muka iso gida maiɗakina ta leƙa zaure ba ta ji ƙarar babur ba. Ta dubi 'yarta, ta dube ni, ta ce sannunku da hanya, ta shiga ta kawo mini ruwa.