Magatakardan da Ya Zaunar da Daraktoci Tara

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Magatakarda, wanda abokan aiki suka fi sani da laƙabin Sai-An-Zauna, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin titin jirgin ƙasa, inda jirgin kan rage gudu don girmamawa amma bai cika tsayawa ba. Mahaifinsa mai awon kaya ne a tasha, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce a ɗakin shan magani na garin, ɗaki guda mai rufin kwano da ke yoyo ta kusurwar gabas. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, matsayin da ya koya masa tun yana ƙarami cewa na tsakiya ba a neman ra'ayinsa, aikensa ake yi tsakanin manya da ƙanana.

Karatu

Ya shiga firamare a 1958, ya wuce sakandare a 1965, sannan ya kammala jami'a a 1975 da digiri a fannin gudanar da mulki. Malamansa sun shaide shi da cewa bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa ɓatar da takarda ba. A shekararsa ta ƙarshe shi ne magatakardan ƙungiyoyin ɗalibai biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma kowacce ta yi imani nata ne.

Fara aiki

A 1976 ya kama aiki a sashen tallafi na ma'aikatar kuɗi ta tarayya. A wancan zamani ma'aikatu tara ne ke raba tallafi ga makarantu da asibitocin karkara da ƙungiyoyin manoma, kowacce da takardunta, da wa'adinta, da launin tawadar da ta yarda da shi. Asibitin da ke son rufi da rijiya sai ya nemi rufin a ma'aikatar lafiya, rijiyar a ma'aikatar ruwa, sannan ma'aikatar ayyuka ta ba da shaidar cewa rufin yana sama, rijiyar tana ƙasa. Da yawa sukan haƙura a hanya. Ɗakin shan maganin mahaifiyarsa ya nemi rufi har sau uku. A karo na ukun aka dawo da takardun saboda an cike su da shuɗiyar tawada. An ce tun daga ranar ya ɗauki lamarin tamkar gadon gidansu.

Aure da iyali

A 1979 ya auri wata malamar lissafi, mace mai taƙaita magana, wadda ta zauna da shi shekara arba'in da biyu a gida mai ɗaki uku da bishiyar lemo a tsakar gida. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar, waɗanda duk suka tashi da sanin cewa ba a ɗora kofin shayi a kan fayil ɗin Baba.

Kwamitin Sauƙaƙawa

A 1987 gwamnati ta lura cewa harkar tallafi ta yi sarƙaƙiya, ta kuma magance matsalar ta hanyar da ta saba, wato kafa kwamiti. Mambobinsa daraktoci tara ne masu daraja ɗaya, ɗaya daga kowace ma'aikata, aka naɗa marigayin magatakarda, aka ba su wata shida su fito da tsari guda na neman tallafi. Sharaɗin shi ne daftarin ba zai zama doka ba sai dukkan taran sun rattaba hannu a zama ɗaya, ba tare da wakilci ba.

Shekaru ukun farko sun tafi a kan wurin taro, domin babu daraktan da zai taka ofishin takwaransa a ce shi ne ƙarami. Marigayin ya samo wani ɗaki a saman ma'ajiyar takardun gwamnati, mai fanka ɗaya da ke kuka kamar ana mata tambaya, wanda babu ma'aikatar da ta yarda nata ne. Da rigimar wanda zai zauna a kan tebur ta taso, ya sa kafinta ya ƙera mai da'ira a 1991. Batun tawada an miƙa shi ga ƙaramin kwamiti, wanda bayan shekara huɗu na nazari ya ba da shawarar a karɓi duk tawadar da ido ke iya karantawa. Ta hanyar yawo da fayil daga ofis zuwa ofis, a 1996 marigayin ya kammala daftari mai shafi huɗu, kuma kowane darakta ya amince da shi a keɓe.

Sa hannu kaɗai ya rage, a nan kuma aka tsaya shekara goma. Al'adar aikin gwamnati ita ce babba shi ke shiga taro a ƙarshe. Don haka duk ranar zama sai motoci tara su jeru a harabar ma'ajiyar, injuna a kunne, kowane darakta yana bayan jarida yana aiken direbansa ya leƙo ko sauran sun shiga. Direbobin sun shaƙu ƙwarai, har biyu daga cikinsu suka zama surukai. Da azahar motocin kan watse ɗaya bayan ɗaya, marigayin ya kwashe biskit ɗin da ya jera, ya rubuta a bayanin taro cewa an samu halarta amma ba a samu shiga ba. Daraktoci sun yi ta sauyawa, sababbin kuma sukan gaji al'adar tare da motar. Duk mai neman tallafin da ya tare shi a matattakala ya tambayi yaushe abin zai yi sauƙi, amsarsa ɗaya ce, "Sai an zauna," daga ita kuma laƙabinsa ya fito. An rawaito maiɗakinsa ta taɓa ce masa, "Malam, ni na haifi biyar na yaye biyar. Kai ɗa ɗaya tal, kwamitin nan, ga shi har ya yi gemu yana goye a bayanka."

Zaman shekarar 2006

A farkon 2006, shekarar ritayarsa, aka fitar da sanarwa cewa duk kwamitin da bai miƙa aikinsa ba kafin ƙarshen shekara za a rusa shi, a kafa sabo ya fara daga tushe. Marigayin ya fahimci cewa shafukansa huɗu na gab da sauka ƙasa, cikin ma'ajiyar da ya daɗe yana zaune a samanta.

Sai ya ziyarci wani tsohon shugaban ma'aikata, dattijo mai shekara tamanin da tara, mai nauyin ji, wanda shi ya ɗauki yawancin daraktocin aiki suna samari, ya kuma taɓa rubuta wa kowannensu takardar gargaɗi. Ranar zama marigayin ya ɗauko shi da sassafe, ya haurar da shi a hankali, ya zaunar da shi a gaban shayi. Da motoci suka jeru, ya sauko ya raɗa wa direba ɗaya cewa Baba yana ciki tun ɗazu.

Shaidu sun tabbatar ƙofofi tara sun buɗe kusan lokaci guda, kuma daraktan ma'aikatar ruwa ya bar hularsa a matattakala bai waiwaye ta ba. Dattijon ya dube su ya ce, "Ku har yanzu ba ku daina makara ba? Ku zauna." Daraktan noma ya yi gyaran murya ya soma tsokaci a kan sakin layi na uku.

"Me yake cewa? Ya sa hannu?" in ji dattijon.

"Yanzu zai sa, Baba."

"To ya hanzarta, ina da maganin sha."

Aka sa hannu, wasu da baƙi, wasu da shuɗi. A hanyar komawa gida dattijon ya yaba da shayin, sannan ya tambayi marigayin taron na mene ne.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Sabon tsarin ya fara aiki a 2007, kuma a shekarar da ta biyo baya aka yi wa ɗakin shan maganin garinsu rufi da rijiya da takarda ɗaya, shekara goma bayan rasuwar ungozomar. An sallami marigayin da agogon bango da takardar yabo. Ya koma kiwon kaji da ban ruwan lemonsa, kuma duk lokacin da mutanen unguwa suka nemi sa shi a kwamitin gyaran kwata ko na makaranta, yakan ba su gudunmawa hannu bibbiyu ya raka su har bakin ƙofa, yana cewa, "Ni na yi zamana."

Rasuwa

Allah ya yi masa cikawa a 2021, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura aka sallace shi a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Cikin masu ta'aziyya akwai shugabannin makarantu da ma'aikatan asibitocin karkara da iyalan ba su taɓa gani ba, waɗanda suka ce su ma ba su san fuskarsa ba, shafukansa suka sani.

Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya biyar: babbarsu likitar dabbobi ce, mai bi mata injiniyan gadoji, na uku malamin jami'a, ta huɗu mai shagon ɗinki, sai autan da ke tuƙin jirgin ƙasa. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya, da ƙananan kwamitoci uku da aka manta ba a rusa ba, dukkansu cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauƙaƙa masa hisabi, ya karɓe shi a zama ɗaya.