Gwangwanin da Ya Kumbura

Ko da tsufa zai cinye mini komai a kai, ba zai taɓa ranar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula ba. Ba don siyasa ba, don ni lokacin ban san komai a kanta ba. Gwangwani huɗu na nama ne suka sa ranar ta zauna mini.

Babanmu tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma tun yana saurayi ya ɗanɗani naman gwangwani a hannun sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, ya kamu da sonsa. Innarmu kuwa kallon banza take yi wa abin, wai naman da ba a ga jininsa ba. Amma in an cinye, ita ce ta farkon ɗauke gwangwanin ta mai da shi ma'aunin gishiri. Ranar nan Baba ya gayyato abokan aikinsa gidanmu a Rijiyar Lemo su ci shinkafa su saurari rediyo, ya aike ni Sabon Gari shagon wata Madam, Inyamura, da ya daɗe yana sayayya a wurinta.

Ina da shekara goma sha tara, ina ji da kaina wajen iya zaɓe. Na tarar Madam ba ta nan, sai mijinta ya manna kunne a rediyo. Can ƙarƙashin tebur na hango wani kwali da gwangwanayen da suka kumbura, sun yi ɓul-ɓul. Na ce a raina lallai waɗannan aka fi cusa wa nama, shi ya sa aka ɓoye wa manya. Ai ko tumatir mai ƙiba ake ɗauka. Na zaɓi huɗu, na jefa a jaka, na biya. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba. Har na iso gida ina yaba wa kaina wayo.

An yi azahar, baƙi sun cika zaure, albasa na soyuwa. Na ɓalle ɗan makullin gwangwanin na farko ke nan zan fara murɗawa, sai ga mace ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Madam ce. Ta fizge gwangwanin daga hannuna, ta tambaya ko akwai wanda ya ci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ɗauka baƙin ciki take yi na kwashe mata masu kyau, har na fara ɗaga murya.

Ba ta kula ni ba. Ta fita tsakar gida ta soka wuƙa a gwangwanin. Ya yi tsartuwa, wani wari ya tashi da ya sa Inna toshe hanci da mayafi. Sai a lokacin na gane ruɓaɓɓen nama na ɗauko.

Ashe ware su ta yi za ta zubar. Da ta dawo ta ga babu huɗu, ta yi zaton Baba aka saya wa, don shi ne mai yawan sayensu, amma ba ta san gidanmu ba, sai ta taho a ƙasa ta shataletalen Bata, ta biya tashar jirgin ƙasa tana tambayar gidan tsohon reluwe mai son naman gwangwani, har aka kwatanta mata.

Inna ta ba ta ruwa. Da ta sha, ta ce a hankali, "Hajiya, lokacin yaƙin basasa a garinmu yunwa ta sa na ba ɗana irin wannan. Ni ma na zaci ya fi cika. Kwana biyu ya yi ya rasu. Ba zan bari wata uwa ta gani ba."

Inna, wadda ba ta taɓa zama da mutumin Sabon Gari ba, ta kama hannunta ta zaunar da ita a kan tabarmarta, suka yi kuka tare. Ranar shinkafa da mai da yaji baƙin Baba suka ci, Madam ma ta ci kwano ɗaya da Inna. Ni dai kunya ta hana ni sa ko loma.

Shekaru tara kafin nan mutanenta da namu suna harbin juna, kuma tana iya cewa ba ruwanta, tunda ba ita ta sayar mini ba. Abin da na koya shi ne, wani in ya sha wuya ƙullatar duniya yake yi, wani kuwa wuyar ce ke sa shi gudu da takalmi ɗaya don ya ceci 'ya'yan da bai ma san sunansu ba. Tun daga ranar nake roƙon Allah ya sa ni cikin na biyun.