Sai Injin Ya Tashi

Shekarar da aka sallami Baba daga kamfanin jima a Challawa, ya ce injin markaɗa roba zai saya da kuɗin sallamar. Bayan su ba mu da komai. Injin tsoho ne, yana jibge a wani shago a Sharada, mai shi yana rantsuwa lafiyarsa lau. Gwaji kuwa babu hali, don taransifomar layin ta ƙone.

Lokacin ina karatun dokar kasuwanci, mun yi darasin eskuro: mai saye ya danƙa kuɗi a hannun wani amintacce, shi ba ya iya janyewa, mai sayarwa ba ya iya karɓa, sai sharaɗi ya cika. Na daɗe ina juya maganar kafin na faɗa wa Baba, kaina a sunkuye.

"Amana ke nan," in ji shi. "To, a kai wa liman."

Aka kai wa limamin unguwarmu a Panshekara, gaban shaidu. Sharaɗin shi ne injin ya tashi, ya cinye buhun roba.

Daga nan zama ya gagare ni. In buɗe littafi, in rufe, in hau adaidaita zuwa Sharada don kawai in leƙa ko ƙwan fitilar shagon ya kama. In dawo da ƙura da warin roba a riga.

Ana haka matar mai injin ta haihu. Mijin ya zo gidanmu ya durƙusa, ya yi zancen ragon suna, ya roƙi a sakar masa kuɗin. Kunya ta kama Baba, muka ɗunguma wajen liman.

"Injin ya tashi?" liman ya tambayi Baba.

"Bai tashi ba, Malam."

"Kun janye sharaɗin ke nan?"

Baba ya zuba wa takalminsa ido.

"To ni ba na sakin amana a kan shiru," in ji liman. Ya dubi mai injin. "Rago kuwa, akwai ɗaya a bayan gida. Ka ɗauka aro."

Ran da wuta ta dawo, injin ya yi gurnani, sai hayaƙi ya turnuƙe motar lantarkin da ke juya shi. Mai shi ya kai ta aka sake naɗa waya, daga aljihunsa. Da aka sake kunnawa, na tsaya ina kallon bakin injin har buhun ya ƙare. Baba ya ɗebi garin robar ya murza a tafin hannu, ya ce in je in kira Malam.