Ranar da Ɗaki Guda Ya Jira Mutum Ɗaya

Wata Asabar ce ta watan Afrilu a tsakiyar shekarun casa'in, ina da shekara goma, na zauna kusa da Kawu Isufu a wani babban ɗakin lacca a Paris. Kujerun sun cika, har kan matakala ɗalibai suka zazzauna. Can gaba aka turo wani mutum a keken guragu, kansa ya karkata zuwa kafaɗa, hannuwansa kwance bisa cinyarsa. Kawu ya raɗa mini cewa shahararren masanin kimiyyar fizik ne, mai binciken yadda taurari ke mutuwa. Ciwo ya cinye masa ƙafafu da hannuwa da murya, sai ɗan yatsa guda da yake taɓa na'ura da shi, ita kuma ta yi magana a madadinsa.

Ni kuwa ina da in'ina mai tsanani. A unguwar Minguettes muke zaune, cikin garin Vénissieux kusa da Lyon, a bene hawa na goma sha ɗaya. Baba na aikin ɗaukar kaya a wani sito, Inna na tuƙa tuwon semo tana ƙorafin bai kai na geron Maraɗi ba. Ni ake aika sayen burodi kowace safiya, kuma da yatsa nake nunawa don kar in buɗe baki. A filin makaranta nakan yi tsallen igiya da sauran 'yan mata, amma da an fara waƙa sai in yi gum. Yaran bayan aji sukan kwaikwaye ni in malama ta kira sunana, har na daina amsawa gaba ɗaya. Daga baya makaranta ta kira Baba, aka ce in ban soma magana ba za a mai da ni ajin yara masu jinkirin fahimta. Baba ya dawo gida ya kasa cin abinci. Inna ta ce, "Yarinyar nan ta fi mu kai, bakinta ne kawai ke makara."

Kawu Isufu, ƙanin Inna, yana karatun fizik a Paris, yana zaune a wani ɗan ɗaki a Saint-Denis, gefen birnin. Shi ya roƙi a bar ni in je masa hutu. Bai gaya mini dalili ba.

Ban fahimci kome ba a laccar, da Turanci aka yi ta. Amma da aka gama, wata ɗaliba ta yi tambaya, sai ɗakin ya yi tsit. Mutumin na ta motsa yatsa, yana haɗa kalma bayan kalma. Na jira in ji dariya ko tsaki, kamar yadda na saba. Babu wanda ya yi ko tari. Furfesoshi masu furfura sun harɗe hannu suna jira. Da amsar ta fito, gajera ce, kuma wasa ne a cikinta, ɗakin ya ɓarke da dariya tare da shi.

A cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Kawu ya ce, "Hadiza, kin ga wanda ya ƙarasa masa magana?" Na girgiza kai. Ya ce, "To ke ma kar ki bari a ƙarasa miki."

Ran Litinin da aka koma makaranta, malama ta tambayi me ke kawo dare da rana. Na ɗaga hannu. Na maƙale a kalmar farko, yaran baya suka fara kwaikwayona. Malama ta buɗe baki za ta taimake ni, na ɗaga mata tafin hannu, ta tsaya. Na kai ƙarshen jimlar ina gumi. Ba a mai da ni wancan ajin ba.

Yau ni ke koyar da fizik a wata sakandare a Lyon, in'inar kuma tana nan, ta ragu ne kawai. Ɗalibaina kome cikin gaggawa suke so, waya na ba su amsa kafin su gama tambaya. Kawu ya koma Yamai, gashinsa ya yi fari, muna gaisawa ta waya, mu daɗe a kai. Har yau bai taɓa katse ni ba.